Tsakuwar Gidan Rabi'u

Tamanrasat, 3 ga Maris

Ƙanwata Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da marayunki. Bayan haka, Mahamud direba ya nuna mini hoton dutsenmu na bayan Birni a wayarsa. Wallahi abincin da ke gabana kasa ci na yi. An cinye masa gefe guda kamar ɓera ya samu sabulu!

Ba a falalen nan na sama Baba yake zaunar da mu ba? Ya ce a nan kakansa yake tsaron hanya, in ya hango raƙuman ayarin Agadas ya sauko da gudu ya sanar da fada. Daga nan kina ganin soron fada, hasumiyar masallaci, guntun ganuwa, tsohon barikin Nasara, har hanyar Mirriya. Yanzu wasu marasa kunya suna ƙona taya a gindin dutsen ya tsage, su farfasa, su sayar a daro. Shekara tara ina gadi a garin da ko sallamata ba a amsawa, in na rufe ido wurin nan nake gani.

Ki samo mini sunayensu, zan rubuta wa mai unguwa.

Yayanki,
Rabi'u

Damagaram, 19 ga Maris

Yaya Rabi'u,

Ina gaishe ka, ina gajiyar aiki? Yara suna gaisuwa.

Sunaye ba wuya. Rubuta Zuwaira a farko, sai Falmata maƙwabciyata.

Kai ka ce a yi maka gidan siminti, kada a sa tsakuwar banza, sai mai ƙarfi. Magini ya ce duk kusa babu kamar ta dutsen nan. Da a ba wasu aikin, na ce a ba mu. Tsakuwarmu lodin mota kamyo uku na cikin harsashin gidanka, Yaya, kuma da kuɗinsu yarana ke zuwa karatu a lakwal. Tafin hannuna ma ka gani a hoton?

Saura kamyo ɗaya na daɓen ɗakuna. Abin da ya rage a gefenmu falalen Baba ne. Mun tara tayoyi. In ka ce a bari, an bari, amma ka sani mu ashirin ne a kan dutsen, ba za su jira ka ba.

Ka huta lafiya.
Zuwaira

Tamanrasat, 2 ga Afrilu

Zuwaira,

Na gaishe ki. Ki yafe mini kalmar marasa kunya, ashe da kaina nake.

Kada ki kunna tayoyin. A yi daɓen ƙasa. Ladan wannan kamyon zan aiko miki, ba ke za ki ɗauki asarar ba.

Na san wani zai fasa falalen Baba kafin damina. Ya fasa. Ni dai ba zan dawo in riƙa taka shi da takalmi a cikin ɗakina ba.

Allah Ya raya yara.
Rabi'u