Takardun da Na Ɓoye a Cikin Gafaka

Assalamu alaikum, Malam Tamimu mai wannan fili.

Ina roƙonka don girman Allah ka dubi lamarina ka ba ni shawara, domin ya fi ƙarfina. Ni dattijo ne ɗan shekara saba'in da biyu, asalina Damagaram, ina zaune a unguwar University Heights ta birnin New York. Na yi shekara ashirin ina jiran fasinja da tasi a filin jirgin JFK kafin gwiwoyi su gaza. Yanzu ina karantar da fiƙihu a wani ƙaramin masallaci, mutane suna kawo mini matsalolinsu ina warwarewa da ikon Allah. Tawa ce ta gagare ni, kuma ina jin nauyin kai ta gaban 'yan'uwana malamai.

A ƙuruciyata gwamnati ta tura ni Tarayyar Sobiyat karatun aikin ruwa. Wadda ta koya mana harshen Rasha zan kira ta Malama Zina, ko da yake ba sunanta ba ne. Lokacin da sanyin haƙarƙari ya kwantar da ni a hunturun farko, ita ta riƙa kawo mini romo asibiti, kuma ba ta taɓa saka abin da addinina ya hana ba. Mijinta marubuci ne da ya yi shekara goma sha ɗaya a sansanin aikin tilas can arewa mai ƙanƙara. Ya rubuta abin da idonsa ya gani, amma babu maɗaba'ar da ta isa ta taɓa shi. A zamanin nan irin wannan rubutu da tafireta ake buga shi a gida, a jera takardar kabon a fitar da kwafi biyar a bugu ɗaya, a riƙa miƙawa daga hannu zuwa hannu.

A shekarar 1983, ana saura mako guda in bar ƙasar, ta damƙa mini kwafi na biyar, wanda ya fi kowanne dushewa. Ta ce ta zaɓe ni ne saboda ta lura ba na ɓoye sallata. Sharaɗinta biyu: a buga littafin da sunan mijinta ranar da hali ya yi, kada kuma a canza ko suna ɗaya daga cikin mutum ɗari da goma sha huɗu da ya lissafa a ƙarshe, waɗanda ya binne da hannunsa. Na karɓa, na yi mata alƙawari.

Ina da Alƙur'ani rubutun hannu na mahaifina, warƙa-warƙa, ba ɗinkakke ba. Sai na riƙa saka takardun nan marasa kauri a tsakanin warƙoƙinsa, na ɗaure tadarishi, wato marfinsa na fata, na mayar cikin gafaka. Ma'aikacin kwastan ya kwance, ya ga rubutun Larabci, ya tura mini abina. Har gobe ban san hukuncin abin da na yi ba, na mayar da littafin Allah maɓoya.

Ga inda laifina yake. Da na koma gida, ana yi wa irinmu da suka je can kallon waɗanda suka baro addini a ƙasar kwaminis. Don in wanke kaina na duƙufa neman ilimi, na daina ambaton Rasha ko a gaban iyalina. Na ware takardun na sa su a ƙasan adaka a gidan yayana. Daular ta rushe, ƙofa ta buɗe, ana ta buga irin waɗannan littattafai a fili, ni kuwa ina ta cewa baɗi. Baɗin nan ya cinye shekara talatin. Sai bara, bayan rasuwar yayana, aka aiko mini da adakar.

Autata Habsatou tana nazarin adabi a jami'a, ta kuma koyi harshen Rasha fiye da yadda na taɓa iyawa. Ta karanta, ta kwana biyu ba ta cin abinci. Ta bincika ta gano Malama Zina da mijinta sun rasu, amma ɗansu guda yana raye, yana koyarwa a makarantar wani ƙaramin gari a can Rasha. Ta hannun wani tsohon ɗalibinsa da ke ƙetare amsarsa ta iso mana. Ɗan ya ce hukuma ta ƙwace kwafi uku, mahaifiyarsa ta ƙone na huɗu don tsoro, namu kaɗai ya rage a duniya. Ya gode mini. Sannan ya roƙe ni kada a buga, domin a halin da ake ciki littafi irin wannan, daga Amurka, ɗauke da sunan gidansu, yana iya raba shi da aikinsa ko ya jawo masa abin da ya fi haka, ga shi da 'ya'ya mata biyu.

Habsatou ta samu wasu 'yan gudun hijirar Rasha a Brooklyn da suka yarda su buga. Ta gaya mini da Turanci, kamar yadda 'ya'yanmu na nan suke yi, cewa shirunmu shi ne abin da masu mulki suke nema. Tawadar tana ƙara dushewa, wasu shafukan sai an ɗaga su a jikin taga. Likita kuma ya ce zuciyata ta fara rauni. In na buga, na cuci rayayye. In na ƙi, na ci amanar matattu. Da wace fuska zan tsaya gobe ƙiyama?

Dattijo mai gafaka, Bronx.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam.

Allah Ya gafarta Malam, ba zan koya maka fiƙihu ba, sai dai in tuna maka abin da ka sani, tunda ɗan Adam ba ya ganin ƙeyarsa.

Mu fara da mai sauƙi. Batun gafaka ka sauke shi daga zuciyarka. Ba wulaƙanta littafin Allah ka nufa ba, shaidar waɗanda aka zalunta ka tserar. In akwai rashin ladabi a ciki, istigfari ya wadatar.

Jinkirin shekara talatin kuwa sakaci ne, ba zan ce maka ba haka ba ne. Ka tuba. Amma kada ka biya sakacinka da wuyan wani. Gaggawar da kake ji yau, ina tsoron rabinta tsoron mutuwa da nauyi ne, alhali wanda zai ɗanɗana sakamakon yana can inda ba ka iya kare shi, kai kana nan lafiya lau.

Habsatou tana da gaskiya, shiru yana yi wa azzalumi daɗi, kuma mutum ɗari da goma sha huɗun nan suna da haƙƙi. Sai dai ka duba lafazin mai amanar da kyau. Cewa ta yi ranar da hali ya yi. Uwar da ta ƙone kwafi da hannunta don ta tsare gidanta ba za ta kira ranar da ɗanta ke cikin haɗari ranar hali ba. Amana kuma takan koma ga magaji, magajin ya yi magana. Ka san ƙa'idar, tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Don haka kada a buga yanzu, kada kuma a canza sunaye don a samu hanyar bugawa. Abin da ba ya jira shi ne tsarewa. A makon nan Habsatou ta ɗauki hoton kowane shafi, ta kwafe shi harafi-harafi tun ana iya gani. Ku nemi ɗakin ajiyar takardu na wata jami'a da ke karɓar ajiya a rufe, a rubuta cewa ba za a buɗe ba sai da izinin magajin ko zuriyarsa. Ka saka wannan a wasiyyarka gaban shaidu biyu. Ku kuma taƙaita aika masa saƙo, domin saƙon kansa yana iya zama masa fitina.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa ne ba za ka ga an buga littafin nan da idonka ba, kuma ba ni da maganin wannan. Amma akwai abu guda da ke hannunka. Ka zaunar da 'yarka kusa da tagar nan da rana, ta karanta maka sunayen a bayyane, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe, kana saurare. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba wanda ya furta su.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauke maka wannan nauyi, Ya kare wancan malamin makaranta da 'ya'yansa, Ya yi wa Habsatou albarka.

Malam Tamimu