Kin Kore Ni Saboda Fara, Yau Ke Kike Tallarta

Zuwa ga Shugabar makarantar da na koyar da aikin gona shekara shida, a kan hanyar Jiwa, Abuja.

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Ina fata kina lafiya. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina zuwa ofishinki maigadi yana ce min kin fita, alhali ga motarki a inuwa.

Na farko, bari in tuna miki. A zangon ƙarshe na bara na koya wa 'yan aji uku darasin ƙwarin da ake ci: fara, shinge da gyare. Na nuna musu cewa ƙwaro ba ya cin fili da ruwa da harawa kamar saniya, kuma yadda nama ke gagarar talaka, wata rana shi za a koma wa. Na kawo farar da mahaifiyata ta aiko min daga Jibiya, wadda ta dafa da gishiri, ta shanya, ta cire fiffike da ƙafa. Na soya da yaji na ba yara su ɗanɗana, ban tilasta wa kowa ba. Wata uwa ta zo da faɗa. Washegari a taron safe kika ɗaga ledar farar da yatsa biyu a gaban yara, kika kira ta abincin ƙauyawa, kika miƙo min takardar kora mai cewa na ciyar da ɗalibai ƙazanta.

Na biyu, ya kamata in nemi izinin iyaye, ban nema ba. Wannan laifina ne, na amsa shi. Amma ba shi kika rubuta ba. Makaranta huɗu na nemi aiki, har Abaji na je, kowacce da ta ga takardar nan sai a ce in je za a kira ni. Yau lodin katako nake yi a Dei-Dei, da furfurata. Tsohuwa har yanzu tana aiko da fara wai in kai wa yaran makaranta, na kasa gaya mata an kore ni.

Na uku, makon jiya na ga hotonki a waya tare da wasu baƙi daga Turai, kina taunar biskit na garin gyare kina murmushi, wai abincin gobe. Zanen ƙwarin da ke bangon aji a bayanki da hannuna na yi shi. Ashe da Bature ya kawo a kwali sai ƙazanta ta zama ilimi! Na kuma ga farantin farar da aka ajiye wa yara, da ƙafafunta. Ƙayar ƙafar nan tana maƙale wa yaro a wuya. A cire, kuma a tabbatar ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo ta ba. Don yaran na faɗi wannan, ba don ke ba.

Aiki a wurinki kam ba na so. Ki janye takardar nan, ki rubuta ainihin laifina, ki karanta a taron safe inda kika tozarta ni. In ba ki yi ba kafin taron iyaye, zan tsaya a bakin ƙofa in miƙa wa kowane uba takardar korata haɗe da hotonki. Na riga na buga su, suna cikin jakata. Ban yafe ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar na yafe ba.

Allah ya kare yaran nan. Ke kuma ya ba ki lafiya da murya mai ƙarfi, yadda har 'yan layin baya za su ji kina wanke sunana.

Wassalam.

Tsohon malamin aikin gona na makarantarki,
Dei-Dei, Abuja.