Tagar Ɗakin Munji

Zuwa ga Yayana Munji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Rim da yara, ya kuma ba ku juriyar sanyin Montreal da ka ce ya fara leƙowa. Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa na nesa. Gwiwar Ummi ta yi sauƙi, har ta koma murza kuskus da hannunta, wai na kanti abincin marasa gata ne. Gwaggo Shadliya ta sa sababbin haƙora, tun ranar ba wanda ya huta da murmushinta. Ni kuma ina nan a makaranta, ina koya wa 'ya'yan mutane taswirar da ake sake zana ta kafin in gama darasi. Na zaɓi takarda ne saboda a waya katse ni kake yi, Baba kuma yana kasa kunne.

Zancen ɗakinka ne ya sa na zauna. An gina shi, Yaya. Ɗakin da Baba ya yi maka alkawari ranar da muka raka ka filin jirgi yana tsaye a gefen gida, da rufinsa da ƙofarsa. Ka san yadda ya sha fama. Tun da aka sa gaɓarmu cikin yankin da doka ta kare saboda tsuntsaye, daga tafki har tudun yashi, ko bulo ɗaya mutum ya ɗora sai ma'aikatan gandun daji sun zo da motarsu. Ka tuna lokacin da suka kwashe masa siminti, ya bi su yana ihu wai tsuntsu yana da izinin yin sheƙa, shi ɗan Adam ba shi da izinin yi wa ɗansa makwanci. Ni ce abokiyar faɗansa a gida. In na ce dokar nan ita ke tsare mana gonar, sai ya ce to, lauyar tsuntsaye ta yi magana, kuɗin karatun Tunis bai tafi a banza ba.

Bara sai Allah ya kawo masa mataimaka. Wasu mutane masu ƙamshin turare suka zo gidan shayi, suka ce sun ji kukan manoma, zalunci ne a hana mutum amfani da ƙasar kakanninsa. Suka ba da motoci, suka buga kyallaye, har da burodi da kifin gwangwani na hanya. Aka naɗa Baba shugaba, ya sa jar hularsa ta sallah, ya ja masu noma a gonakin yashi kaf zuwa ofishin gwamna. Abin da aka yi shekara da shekaru ana nema, kafin bazara ya samu: an ja layin kariya baya, an cire gaɓarmu daga ciki. Baba ya yanka rago. Ya zuba mini nama da hannunsa, ya ce in ci, tsuntsayen ba za su ji labari ba.

Ba mu gama cin ƙashin ragon ba motocin rusau suka iso. Ashe tudun yashin da itatuwan bayansa duk na gwamnati ne, kuma tuni an ba wa kamfanin masu turaren haya, za su yi filin golf da otal. Sun baje tudun da muke gangarowa a kai muna yara, sun shimfiɗa ciyawa, sun ja waya har bayan ɗakinka. Abin da ya fi ba ni dariya, yashinmu bai yi musu ba. Wai launinsa bai fito a hoto, sai da suka yi odar wani fari daga ƙetare, suka zuba a ramuka don ado. Na tsaya ina kallon babbar mota ta kawo yashi bakin teku, na ce lallai karatuna bai kai nan ba.

Ko ka manta yadda gonar Baba take sha, bari in tuna maka, tunda kai yanzu dankalinka a leda yake zuwa. Ba a ban ruwa a gonar yashi. Ruwan sama ne ke nutsewa a tudun, ya kwanta a ƙarƙashi a saman ruwan gishiri, in teku ta cika ta ɗago shi zuwa saiwa, in ta janye ya koma. Yanzu tudun babu, kamfanin kuma ya haƙa rijiyoyin burtsatse, famfunansa suna feshi safe da yamma don ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba. Dankalin da Baba ya shuka ya fito, amma bakin ganyen ya fara ƙonewa. Kullum da safe ina ganinsa ta ƙofar kicin. Zai durƙusa ya tona da hannu har ya kai danshi, ya ɗora a harshe, ya tofar, ya rufe ramin da sauri kamar wanda ya binne abin sata. In ya shigo Ummi ta tambaye shi, sai ya ce lafiya lau, iska ce kawai.

Ya daina zuwa gidan shayi. Kawu Hedi ne ya gaya mini dalili. Wai da ya shiga sai su miƙe su ce ran shugaba ya daɗe, yau rami na nawa za a buɗe mana a filin golf? Mabruk mai jirgin kamun kifi ya ce masa, Alhaji, ka nemo mana izinin gini, saura ka nemo mana izinin cin ciyawa. Ranar ƙarshe wani ya saka masa farar ƙwallon golf a cikin kofin shayi. Bai yi faɗa ba, Baban da ka sani. Ya ciro ta, ya goge da hannun riga, ya sa a aljihu, ya biya kuɗin shayinsa ya fito. Tana nan a kan talabijin, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Ni kuwa da na yi shekaru ina jiran ranar da zan ce ai na faɗa, ranar ta zo, ban yi murna da ita ba. Ya daina ce mini lauyar tsuntsaye. Henda yake ce mini yanzu, a hankali, kamar baƙuwa. Wallahi na fi son tsokanar. Na kasa zama wuri ɗaya. In na dawo daga aiki sai in yi ta zagaya wayar nan kamar ni aka ɗauka gadi.

Sai kuma ga wayarka ta ranar Juma'a. Na san da zuciya ɗaya ka yi. Ka ga tallar kamfanin, ka ce Baba barka, garinmu ya zama Turai, in sun buɗe za ka zo da yara ku buga. Ya ce in sha Allah ɗana, ya ajiye wayar, ya ture kwanon kifinsa, ya fita. Ummi ta dube ni, ni na dubi bango. Don Allah kada ka sake yi masa barka. Kada kuma ka kira ka yi masa jaje, wannan ya fi muni.

Ga abin da nake nema. Ɗakin ba shi da taga. Magini ya yi ta zarya yana cewa a bari ya fasa ya yi filasta kafin ruwan saman da ke sauko mana da hunturu ya jiƙa bulon, Baba ya ce a'a, mai ɗaki ne zai zo ya nuna inda yake so tagarsa ta kalla. Na fahimci abin da ya hana shi zaɓa. In an fasa ta wajen teku, wayarsu da ciyawarsu za ka gani. In an fasa ta wajen tafki, gonarsa ce tana mutuwa. Duk abin da ya rasa, don ɗakin nan ya rasa shi, kuma har yau ba wanda ya kwana a ciki ko sau ɗaya. Ka zo, Yaya, kada ka jira hutun bazara, kada ka jira su buɗe. Ka zo kafin a tone dankalin nan, don ban yi tsammanin akwai na baɗi ba. Ka kwana a ɗakin, ka tashi da safe ka ce ka ji daɗin barci, ko da sauro ya cinye ka.

Ka gaida Rim, ka shafa mini kan Iyad da ƙaramar Nuur. Ummi tana gaishe ku, ta ce ta ajiye maka harisarka, yajin barkonon nan da kake so. Gwaggo Shadliya da Kawu Hedi suna miƙa tasu gaisuwar. Baba bai san na rubuto ba. Yanzu haka ina jin ƙarar tsintsiya, yana share ɗakin naka, a cikin duhu, da rana tsaka.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Henda