Keken Rumaisa a Duwatsun Ɗa'if

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da yara, da mutanen Fagge baki ɗaya. Shekaruna saba'in da takwas, kuma ban nemi tausayin kowa ba, saboda haka ki daina cewa riƙon 'yarki Rumaisa ya fi ƙarfina.

Kin ce in hana ta hawan keke a duwatsun Ɗa'if. Ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, sai na yi shatar mota daga unguwarmu ta Jarwal a nan Makka na bi bayan ƙawayenta masu hawan keke.

Hajara, na ga ikon Allah. Tafki kwance tsakanin duwatsu, gajimare a ƙasa da ƙafafuna, iska tana ƙamshin wardi. Na tsufa a gindin duwatsun nan ban taɓa hawa ba.

Na shawarce su da su bar hanyar Hada saboda motoci, su bi ta Shafa su kewaya tafkin da sassafe, kuma su daina sa dabino a aljihun baya, domin birai sun gane.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida surukina. Rumaisa kuwa na riga na ba ta izini, na saya mata hular kwano, yanzu haka tana bakin tafkin.

Mahaifiyarki