Wai Jaruman Rumawa

Talata, 5 ga Nuwamba

Salifu mai shago ya sa sabuwar tele, ya matsa sai na zo na ga fim ɗin Rumawan dā, bayi masu faɗa da takobi a fage. Wai tunda ni tsohon ɗan kokowa ne zai burge ni. Na je bayan la'asar. Kai, ɓata lokaci! Ƙatti sun shafe jiki da mai suna ƙyalli, ba kiɗa, ba kirari, ba laya ko ɗaya a damtse. Jarumin nasu tsayuwa ma bai iya ba, ƙafafu a haɗe. Ko yaro mai kiwon awaki a garin Isawan zai kwashe shi. Batir ya ƙare a tsakiya, na gode Allah.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Aliyu ya gaishe ni da safe. Na amsa da ka. Tun da aka kada shi a kokowar kaka ta Hawandawaki ban ce mashi uffan ba. Ɗana, a gaban makaɗan da suka yi mani kirari a zamanina, gwiwa biyu a ƙasa kafin ganga ta yi zafi!

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na koma shagon, don dai in ga iyakar shirmen. Yau har zaki suka sako. Ina jarumta a nan? Mutane cike da fage suna ihu a kashe, kamar ba uwa ta haife su ba.

Matata Furera ta ce mani Aliyu ya haɗa jaka, ran Asabar zai bi motar masu haƙar zinariya can arewa. "Maigida, kalma ɗaya yake jira daga bakinka." Na ce ya tafi mana, rami bai san an kada shi ba. Ta kwashe kwanon tuwon ban gama ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ƙarshen fim. Wani saurayi ya faɗi, wanda ya kada shi ya tsaya a kansa yana duban sarkinsu. Shi kuwa sarki, wani mai tumbi, yana zaune a inuwa ana yi mashi fifita. Ya juya babban yatsa ƙasa, aka soke yaron. Na miƙe na ce tir! Mu nan in ka kada mutum, kai za ka miƙa hannu ka tashe shi, ka kakkaɓe mashi rairayi, ku rungumi juna. Wanda ke zaune a inuwa me ya sani da zafin ƙasa?

Salifu ya ce, "Haka ne, Isma'ila. A Hawandawaki ma wanda ya kada Aliyu shi ya tashe shi. Kai kana cikin rumfa, sai ka juya baya." Bakin Salifu ba linzami. Ban tsaya shan shayinsa ba.

Yaron cikin fim ɗin, da ya faɗi, ba takobin ya duba ba. Rumfa ya duba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na bi ta tashar Gidan Amumune, igiyar rijiya na je saye. Ga Aliyu zaune a ƙasa, jaka tsakanin ƙafafu. Na ce, "Ƙafar hagu kake bari a baya, shi ya sa." Ya ɗago ya ce, "Baba?" Na miƙa hannu. Nauyi gare shi, ja'irin, har kafaɗata ta amsa. Bayan rigarsa duk rairayi, na kakkaɓe, kada a ce daga gidana ya fito haka.

Motar ta tashi. Ni na riƙo jakar har gida. Igiyar dai na manta da ita.

Fim ɗin banza ne, ban canza magana ba.