Gwangwanin Ragowar Magani

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki da maigidanki da 'yan biyu cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Gwaggo ta daina ɗingishi, Kawu kuma bai daina surutu ba. Baba ne dai yau kwanansa tara a asibiti, kuma abin da na faɗa miki a waya ba shi ne duka ba.

Kin tuna gwangwanin madarar da nake tara ragowar magani a ciki? Shekara biyu ke nan, duk sanda Baba ya ce fitsari na yi masa zafi, sai in ɓallo masa kafso huɗu. Bayan kwana biyu ya ce ya warke, in mayar da sauran ina yabon kaina da tattali. Ni fa, mai karatu, mai gyara wa kowa magana! Ranar da muka kawo shi zazzaɓi na jijjiga shi, likita ta tambaye ni ko ya sha wani abu a gida. Na dubi tsabar idonta na ce a'a. Sai ta ɗora shi a kan irin maganin da ke gwangwanina, aka yi kwana uku a banza.

Da sakamakon gwaji ya fito, ta zana mini ƙwayar cutar a bayan katinsa. Ta ce aikin maganin shi ne ya raunana bangon ƙwayar cutar har ta kumbura ta fashe. Amma a bangon akwai 'yan ƙofofin shiga, akwai kuma wasu abubuwa kamar famfo masu tofar da guba waje. Rabin magani ragwayen ƙwayoyin kawai yake kashewa, ya bar waɗanda suka tsuke ƙofa suka ƙara famfo, su hayayyafa. Na jikin Baba watso maganin suke kafin ya yi musu komai. Wato ni na buɗe musu makaranta, na yaye su.

Na tsine wa mai kemis da ke sayarwa ba takarda. Har ke na zaga a zuci, don kin yi nisa kin bar ni da shi. Da na gama da kowa, saura ni. Jiya na juye gwangwanin a teburin likita. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce magani ɗaya ya rage da zai iya yi masa aiki, ta jijiya ake ba da shi, kuma yana wahalar da ƙoda.

Yau da safe Baba ya riƙe hannuna, ya ce likitocin nan ba su san aiki ba, in kawo masa kafson nan nawa da bai taɓa ba shi kunya ba. Na gyara masa matashi kawai.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan 'yan biyu. Gwaggo da Kawu na gaishe ku. Ki zo, Auta. Zan faɗa masa gaskiya, amma ba zan iya ni kaɗai ba.

Yayarki.