Na Amsa da E a Gaban Kwamitin Majalisa

Anti Rosalind,

Don Allah ki taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Shekarata tara ina aiki a hukumar da ke ceton mutane a teku, kuma ni nake haɗa rahoton da muke kai wa kwamitin majalisa a Ottawa, babban birnin ƙasarmu, kafin su duba kasafinmu. Bana shugaban sashenmu ya ce in cire watannin sanyi na wata tashar ceto, wai jirgin ruwanta yana wurin gyara a lokacin, saka su zai ɓata mana suna. Da na cire, sai rahoton ya nuna cikin minti arba'in muke isa ga duk wanda ya kira. Anti, tashar nan ta garinmu ce a Nova Scotia, inda mahaifina Gervais ya yi shekara talatin yana kamun ƙaguwa.

Ranar zaman kwamitin ina bayan shugaban namu, riƙe da takardu. Wata 'yar majalisa ta tambaya ko alƙaluman sun haɗa kowace tasha da kowane wata. Sai ya waiwayo ya ce ga wadda ta haɗa su nan. Na buɗe baki na ce e. Jin haka suka ajiye maganar saya wa tashar sabon jirgi.

Makon jiya na je gida. A bakin ruwa na haɗu da Baba Alcide, aminin mahaifina. Ya rungume ni, ya ce duk sun taru a shagon shayi sun kalle ni a talabijin, wai 'yar Gervais ta zama manya, ko za ta ƙara cin abinci da masu ƙarnin kifi? Da ya riƙe hannuna sai na ga yatsu uku suka rage masa. A watan Fabrairu injin jirginsa ya mutu a tsakiyar ruwa, ya yi awa huɗu cikin sanyi yana jiran ceto, har sanyin ya kashe masa yatsu biyu aka yanke su. Fabrairu na cikin watannin da na goge. Bai sani ba. Har ƙaguwa ya cika min leda, tana nan a firji, na kasa dafawa.

Mijina ya ce umarni na bi, in yi shiru, muna da yara biyu. Ni kuma ko kiran mahaifiyata na daina ɗagawa. Kwamitin bai miƙa rahotonsa ba tukuna. Yaya zan yi?

Mai Jin Kunya, Halifax

'Yar'uwa,

Mijinki bai yi ƙarya ba. Aikinki na iya girgiza, kuma ba ke kika ƙirƙiro dabarar ba. Yatsun Alcide ma ba ke kika cire su ba, abin ya faru kafin ki yi magana, kada ki ɗora wa kanki wannan. Amma amsar da kika bayar taki ce, kuma a kanta aka fasa sayen jirgi. Sanyi zai dawo, mutanen garinku kuma za su sake fita ruwa.

Ki fara tattara alƙaluman asali da duk wani saƙo da shugaban ya aiko miki. Ki ga wakilin ƙungiyar ma'aikata ko lauya kafin ki yi wa kowa magana a ofis, ki san kariyar da doka ta ba ki. Sannan ki rubuta wa magatakardan kwamitin takarda gajera: amsar da na bayar ba daidai ba ce, ga cikakkun watannin. Ba sai kin zagi kowa ba. Ki sanar da shugabanki a rubuce a ranar, ki ba shi damar sa hannu tare da ke. Wataƙila shi ma tsoro ne ya kai shi.

Ki zaunar da mijinki ku tsara yadda za ku yi idan abin ya yi tsami. Ki kira mahaifiyarki yau, ba ta yi miki laifin komai ba. Idan takardar ta tafi, ki koma gida ki faɗa wa Alcide da bakinki kafin ya ji a rediyo. Zai iya yin fushi, ki bar shi ya yi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya dawo da masuntanku gida lafiya.

Rosalind